Tsibirin da Ake Mayar da Iska Ruwa

Can ƙuryar arewacin duniya, a ƙasar Norwe, akwai wani ɗan gari a bakin teku ana ce masa Hamafest. In ka wuce shi ka nausa arewa, ba abin da za ka tarar sai ruwa da 'yan tsibirai da ƙanƙara. Mutanensa duka-duka, har da na ƙauyukan kewaye, dubu 11 ne da 'yan kai, wato unguwa guda a Kano ta ninka su. Amma daga wannan lungu ake fitar da iskar gas mai isar gidaje miliyan shida da rabi na ƙasashen Turai, kuma ba ta bututu ake tura musu ba. Sai an mayar da ita ruwa tukuna, a ɗura a jirgi, a kai musu. Ganin wannan aiki ne ya kai mu can, cikin wata 'yar tawaga ta marubuta da malaman makaranta.

Tun a sama aka fara nuna mana mun baro gida. Daga Oslo, babban birnin ƙasar, muka tashi zuwa Toromso, daga nan aka zuba mu a wani ɗan jirgi mai farfela biyu, iska tana wasa da shi yadda ta ga dama. Ni ina ta salati, wata tsohuwa a kusa da ni kuwa saƙar safa take yi, ko a jikinta. Da muka sauka na duba gabas da yamma, na rasa bishiya. Duwatsu ne baƙaƙe tsirara, sai gansakuka da guntuwar ciyawa, kan wasunsu da ragowar dusar ƙanƙara, alhali wai lokacin zafinsu ke nan. Ma'auni yana nuna digiri 11. Irin sanyin da in ya sauka a Kano tsakiyar hunturu kowa zai nemi kaskon wuta, shi ne yara suke yawo a cikinsa da gajeren wando suna lasar askirim. Wani abin kuma, duk da nisan garin zuwa arewa, tekunsu ba ya daskarewa, saboda wani ruwa mai ɗumi da ke gangarowa tun daga mashigin Meziko yana bi ta gaɓarsu. Ba don shi ba, da babu jirgin da zai shigo rabin shekara.

Sai maganar rana. Daga tsakiyar watan Mayu zuwa ƙarshen Yuli ba ta faɗuwa a garin nan. Kada mai karatu ya ɗauka dare ne yake gajarta. Babu shi ne sam. Zagaya sararin sama take yi, ƙarfe 12 na dare ka gan ta can arewa ta yi ƙasa-ƙasa, ja-ja-ja irin ta la'asar sakaliya, kana jira ta nutse sai ta fasa, ta sake ɗagowa. Wani dattijo a cikinmu ya duba agogo, ya duba taga, ya ce da ni, "Malam, yanzu isha za mu yi ko walaha?" 'Yan'uwa Musulmi da muka tarar a can suka ce su lokutan Makka suke bi a irin waɗannan watanni, mu ma muka bi su. Da hunturu kuma sai abin ya juye: wata biyu cur, daga ƙarshen Nuwamba zuwa bayan tsakiyar Janairu, ranar ba ta leƙowa ko kaɗan. Wannan duhu ne ya sa tun 1891 garin ya kafa fitilun titi na lantarki, ya riga duk garuruwan arewacin Turai.

Dabbobinsu ma nasu ne daban. Akwai wata irin barewa mai ƙaho rassa-rassa, ta makiyayan ƙabilar Sami, wadda da zafi take shigowa har tsakiyar gari tana cinye wa mutane furannin ƙofar gida. Motoci su tsaya cak su jira ta ƙetare, ba mai danna oda. Mutanen kuwa shiru-shiru ne. Ka shiga motar haya cike da jama'a, ba mai tambayar wani kwanan iyali. Yaro ya kira shugaban ma'aikata da sunansa gatsau, ba ranka ya daɗe, ba yallaɓai, shi kuma ya amsa yana murmushi. Na ga jarirai a kekensu an ajiye a waje suna barci cikin wannan sanyi, uwayen suna ciki suna shan gahawa, wai iskar waje lafiya ce. Abinci kuma, kifi da safe, kifi da rana. Farin kifi ne dafaffe da dankalin Turawa, ba yaji, ba daddawa, ba ko albasa ta kirki, sai da na tuna ƙullin yajin da na taho da shi raina ya kwanta. Suna da wani cuku mai launin ƙasa-ƙasa, zaƙi gare shi har yana manne wa mutum a dasashi, a yanka shi siriri a ɗora kan burodi. Wani mai sayar da kifi da ya ji daga Nijeriya muke sai fuskarsa ta washe, ya ce ai mu manyan abokan cinikinsu ne. Ashe busasshen kifin nan mai tauri da kawunansa, wanda ake gani jibge a kasuwar Sabon Gari, daga gaɓar ƙasarsu yake, iskar sanyi ce kawai ke busar da shi a kan katako.

Matatar gas ɗin tana kan wani tsibiri, Melkoya, ana hango shi daga cikin gari. Ba gada ake hawa ba, ba kwalekwale. Rami suka haƙa ta ƙarƙashin teku, tsawon kilomita 2.3, zurfinsa ya kai mita 62 ƙasa da fuskar ruwa. Motarmu ta yi ta gangarawa, kunnuwana suka toshe, na tuna teku guda ne bisa kaina, na ja bakina na yi shiru. A ƙofa aka karɓe wayoyi da ashana da duk abin da ka iya yin tartsatsi, aka ba mu hular kwano da tabarau da takalma masu ƙarfe a baki da riga mai ƙyalli. Wadda za ta zaga da mu injiniya ce, matashiya, 'yar garin. Abin da ya fara dukan kunnena ƙugin injuna ne, mara yankewa, har a tafin ƙafa kana jin sa. Na biyu kuwa kukan tsuntsayen teku, dubbai, sun yi sheƙa a jikin dutsen tsibirin, ba ruwansu da injin kowa.

Na tambaye ta ina rijiyoyin suke, don ban ga ko ɗaya ba. Ta kai mu wani ɗaki mai ɗumi, cike da allunan kwamfuta, mutane ƙalilan zaune da kofunan gahawa. Ta ce daga nan ake buɗe rijiyoyin, daga nan ake rufe su. Filin gas ɗin, mai suna Sinobit, wanda aka gano a 1984, yana can cikin Tekun Barents, kilomita 143 daga inda muke zaune, kusan nisan Kano zuwa Zariya. In ka je wurin da jirgi ba abin da za ka gani sai ruwa. Babu dandamali, babu hasumiya, babu mutum ko ɗaya. Kan rijiyoyin yana kwance a ƙasan teku, zurfin fiye da mita 300, an yi masa murfin ƙarfe yadda komar masunta za ta wuce ta kansa ba ta sarƙe ba. Wata doguwar igiya ce ta tashi daga tsibirin zuwa can, ɗauke da wuta da saƙon kwamfuta da ruwan matsi. Mutum ya taɓa maɓalli yana zaune, famfo ya juya a duhun teku. Dattijonmu ya girgiza kai ya ce, "Ikon Allah sai kallo."

Abin da bututun da ya taso daga rijiyoyin ke kawowa ba gas ne tsantsa ba. Gauraye yake da ruwa da wani mai mara nauyi da datti iri-iri, kuma ba a hankali yake isowa ba, wani lokaci ruwan taruwa yake yi a hanya ya taho gaba ɗaya da ƙarfin tsiya. Don haka suka shimfiɗa wasu jibga-jibgan bututai a jere a bakin tsibirin, aikinsu kawai su tare wannan hari, ruwa ya kwanta ƙasa, gas ya tashi sama. Akwai kuma wata matsalar: a cikin sanyi da matsi, gas da ruwa sukan haɗu su zama wata irin ƙanƙara mai toshe bututu. Maganinta wani sinadari ne ɗan'uwan wanda ake zuba wa lagireton mota a ƙasashen sanyi. Suna tura shi can bakin rijiya, ya dawo tare da gas ɗin, su tace shi, su sake turawa.

Daga nan sai wanka. Kashi 5 zuwa 8 cikin ɗari na gas ɗin iskar kabon ce, wadda in aka bar ta za ta daskare ta toshe injin tun kafin a yi nisa. Ana wanke ta da wani ruwan magani mai kama ta. Na zaci sama za su sake ta, sai injiniyar ta nuna mana wani bututun na daban, mai komawa teku. Tun 2008 suke matse wannan iska su mayar da ita ƙarƙashin ƙasa, zurfin mita 2,600 ƙasa da gindin teku, kimanin tan 700,000 a shekara. Wato abin da ba su so ma sai sun raka shi gida. Bayan haka a busar da gas ɗin ƙarau, a kuma cire zaiba, don ko 'yar kaɗan ce takan cinye alminiyon da aka ƙera na'urorin sanyaya da shi. A ware irin gas ɗin da muke girki da shi a tukunya, a ware man nan mara nauyi, kowanne da tankinsa da mai sayensa.

A nan ya kamata mai karatu ya bambance abu biyu. Gas ɗin tukunyar girki, da an matse shi yake zama ruwa, shi ya sa in ka girgiza tukunyar kake jin motsinsa. Wannan kuwa, wanda ake kira mitan, taurin kai gare shi. Ko duk injunan duniya za a tara a matse shi, muddin da ɗumi a jikinsa ba zai zama ruwa ba. Sai sanyi. Kuma ba sanyin firiza ba, wanda bai wuce digiri 18 ƙasa da sifili ba. Sai an kai shi digiri 163 ƙasa da sifili. Da ya kai nan sai ya sallama, ya koma ruwa garau, ba launi ba wari, nauyinsa bai kai rabin na ruwan sha ba. Ribar wahalar ita ce, abin da ya cika ɗaki 600 yana iska, ɗaki guda zai ishe shi in ya zama ruwa.

Yadda ake samar da sanyin, dabarar firij ce aka kai ta maƙura. Iska in an matse ta zafi take yi, in an sake ta ta buɗe sai ta yi sanyi. To sai kwamfireso ya matse iskar sanyaya, ruwan teku ya kwashe zafin, a sake ta ta huce fiye da da, ta zagaya jikin siraran bututan da gas ke bi ta zuƙe ɗuminsa. Hawa uku suka yi wa abin, kowane hawa da haɗin iskarsa: na farko ya sauke gas ɗin zuwa wajen 50 ƙasa da sifili, na biyu ya mayar da shi ruwa, na uku ya ƙarasa da shi. Kamfanin Statoil, wanda ya koma Equinor a 2018, shi da kamfanin Linde na Jamus suka ƙirƙiro wannan tsari, a nan aka fara gwada shi da aka buɗe matatar a 2007. Muka tsaya gindin wata doguwar hasumiya a rufe ruf, a cikinta ake wannan aiki. Ba ka ganin komai, sai wasu bututai da suka yi farin gemu na ƙanƙara, hazo yana zubowa daga jikinsu yana bin ƙasa. Sanyin da ya dame ni a gari, su jari ne a wurinsu. Ruwan tekun da suke jawowa daga zurfi sanyi ƙarara ne rani da damina, don haka injunansu ba sa shan wahalar da na ƙasashen zafi ke sha.

Da na ji yadda aka gina wurin sai mamakin ya ƙaru. Aikin ƙira a fili cikin duhu da guguwar hunturu ba ƙaramin tashin hankali ba ne, saboda haka zuciyar matatar ba a nan aka haɗa ta ba. A Kadis ta ƙasar Sifaniya aka ɗora ta kan wani faffaɗan dandamalin ƙarfe mai iyo, tsawonsa mita 154, faɗinsa 54. A 2005 wani jirgin dakon kaya mai suna Blue Marlin ya nutsar da bayansa cikin ruwa, aka jawo dandamalin bisa kansa, ya taso da shi, ya goyo shi har Melkoya. Aka shigar da shi wani gurbi da aka fasa a dutse, aka tsotse ruwan, aka cike gefensa. Muna tafiya a kai ba wanda zai ce ƙasar da yake takawa ta taɓa ƙetare teku.

Sai rumbunan ajiya. Guda biyu ne na wannan ruwan gas, kowanne yana cin lita miliyan 125. In tankar mai 'yar lita 33,000 za ta kwashe guda ɗaya, sai an jera kusan 3,800. Na tsaya a gindin ɗaya na ɗaga kai har hular kwanon ta nemi faɗuwa. Ginin nasa filas ne na shayi, sai dai shi sanyi yake tsarewa: tukunya a cikin tukunya, ta ciki ƙarfe, ta waje kankare mai kauri, tsakaninsu an cusa wani farin gari mara nauyi na dutsen aman wuta, mai hana ɗumi ratsawa. Babu injin sanyaya a jikinsa, babu matsi na a zo a gani. Ɗan abin da ya tafasa ya koma iska, shi ke tafiya da ɗumin da ya saci hanya ya shiga, sai a kama shi a mayar cikin aiki.

Ƙarfen tukunyar ciki ma da labarinsa. A irin wannan sanyi ƙarfe na yau da kullum tsagewa yake yi tas, ba ya ko lanƙwasa. An koyi wannan darasi da tsada. A 1944, a birnin Kilibland na Amurka, wani tanki da aka ƙera lokacin yaƙi da ƙarfe mai ƙarancin sinadarin nikel ya fashe, ruwan gas ya bi kwatoci ya kama da wuta, mutum wajen 130 suka hallaka. Sana'ar ta yi shekaru a kwance. Sai da aka dace da ƙarfe mai nikel kashi 9 cikin ɗari, da alminiyon, sannan aka farfaɗo. A 1959 jirgin Methane Pioneer ya fara ƙetare Tekun Atlantika da irin wannan kaya, daga Amurka zuwa Ingila. A 1964 kuma aka buɗe matatar farko ta kasuwancin fitar da shi zuwa ƙasashen waje, kuma a nahiyarmu take, a Arzew ta Aljeriya.

Mun yi sa'a akwai jirgi a tasha yana lodi. Tsawonsa ya kusa mita 300, a bayansa ƙwallaye huɗu manya-manya, rabinsu a waje rabinsu a ciki. Wannan ƙirar ƙwallo ma ta mutanen Norwe ce, tun farkon shekarun 1970. Wasu hannuwan ƙarfe masu gwiwa suka kama jikinsa, sun yi fari fat da ƙanƙara, ruwan gas yana bi ta cikinsu. Duk kwana biyar ko shida jirgi guda ke tashi, a shekara sama da tan miliyan 4. Abin da ya tafasa a hanya shi injin jirgin ke sha. In ya isa, a ɗumama kayan da ruwan teku, ya koma iska, ya shiga bututun gari.

Da yamma, ko in ce lokacin da agogo ya ce yamma ce, aka gayyace mu cin abinci a wani gida. Muka tuɓe takalma a ƙofa, wannan kam al'adarmu ɗaya. Na leƙa madafa don in ga irin murhun gas ɗin masu gas. Babu. Wani baƙin gilashi ne shimfiɗe, na lantarki, ba harshen wuta ba hayaƙi. Kusan kashi 90 cikin ɗari na wutar ƙasar daga madatsun ruwa take, don haka gas ɗin sayarwa suke yi, kuɗin ya shiga wani asusun ƙasa da suka kafa a 1990 saboda jikoki. Garin kansa yana karɓar harajin fili daga matatar, da shi aka gyara makarantu aka gina babban zauren al'adu a bakin ruwa. Garin da a da matasa ke gudu, yanzu suna dawowa.

Ba su ɓoye mana inda aka yi tuntuɓe ba. Farkon buɗe matatar injuna sun yi ta gardama, aka yi ta ƙona gas a hasumiya har baƙar toka ta sauka kan motoci da tagogin gari, jama'a suka yi ca. A watan Satumba na 2020 gobara ta tashi a mashigar iskar ɗaya daga cikin injunan wuta. Ba a rasa rai ba, amma sai tsakiyar 2022 aka koma aiki. Yanzu kuma ana taƙaddama kan shirin jawo wa matatar lantarki daga babban layin ƙasa, makiyayan Sami suna cewa turakun za su ratsa musu makiyaya. Sai dai akwai abin da ba a jayayya a kansa: tun farkon shekarun 1970 ƙasar ta hana ƙona gas a banza in ba don kare haɗari ba, a 1991 kuma ta ɗora haraji kan hayaƙin.

Kada mai karatu ya ce wannan sai Turawa. Muna da irinta a gida, har ta fi ta. Matatar NLNG da ke tsibirin Bonny a Jihar Ribas ta fara fitar da kaya tun Oktoban 1999, shekara takwas kafin Melkoya, tana da layuka shida masu iya samar da tan miliyan 22 a shekara, ninki biyar na tasu. Arzikin gas da aka tabbatar a ƙasarmu ya haura kubik ƙafa tiriliyan 200, babu kamarsa a Afirka. Amma har yau akwai wuraren da wutar gas ke ci dare da rana a yankin Neja Delta, yayin da uwargida a Gumel ko Illela take hura icce idonta na hawaye, masaƙun Kaduna da masana'antun Sharaɗa da Bompai da yawa suna rufe don rashin wuta. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

An ƙaddamar da aikin bututun Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, a 2020. Bututu kuwa hanya ce kawai. Gas ɗin da zai biyo ta cikinsa yana buƙatar masu walda na ƙwarai, da masu iya kwamfireso, da masana sinadarai, da masu zama gaban allon kwamfuta su san abin da lamba take faɗa. Iyaye da malamai, mu tura yaranmu maza da mata su koyi wannan ilimi a jami'o'i da kwalejojin fasaha tun yanzu, mu kuma riƙa tambayar wakilanmu ina aka kwana kan gas ɗin da ake ƙonawa. In ba haka ba, gas zai iso Kano, masu sarrafa shi kuma sai an ɗauko su haya daga wata ƙasa.